Sharhi: Abin da ke tsawaita tafiyar jirgin sama tsakanin Najeriya da ƙasashen waje

A watan Mayun 2023, ana saura makonni kaɗan a fara jigilar maniyyata zuwa ƙasa mai tsarki, kamfanonin jiragen sama na cikin gida da Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta zaɓa suka ja da baya wajen sa hannu a kan yarjejeniyar aikin. Dalilinsu shi ne yaƙin da ya ɓarke a Sudan ranar 15 ga Afrilu, wanda ya tilasta rufe sararin samaniyar ƙasar.

Kano ba ta gusa ba, Jidda ma tana nan inda take, tazarar da ke tsakaninsu tana nan kimanin kilomita 3,400. Amma hanyar da ta fi kusa ta ratsa ta kan Chadi da Sudan ne, kuma da aka toshe ta, tafiyar da aka saba yi cikin sa'o'i huɗu da ɗoriya ta ƙaru da kimanin sa'o'i biyu. A ƙarshe sai da aka amince da ƙarin dala 250 a kan kuɗin jirgin kowane maniyyaci, a shekarar da Saudiyya ta ware wa Najeriya kujeru 95,000.

Wannan lamari ya fito da wata gaskiya da matafiya da yawa ba sa lura da ita. Nisan da ke tsakanin filayen jirgi biyu abu ne tabbatacce, kowa zai iya aunawa. Lokacin da za a ɗauka kafin a isa kuwa yana hannun abubuwa da dama: iska, izinin ƙasashen da za a ratsa, da kuma samuwar jirgin da zai tafi kai tsaye. A 'yan shekarun nan, na biyu da na uku su ne suka fi taɓa aljihun ɗan Najeriya.

Yadda ake auna nisa

Duniya dunƙulalliya ce, saboda haka taswirar da ake shimfiɗawa a bango tana yaudarar ido. Hanya mafi kusa tsakanin garuruwa biyu ita ce wadda zare zai bi idan aka ɗora shi a kan dunƙulen duniya aka ja shi ya miƙe tsakaninsu. A kan taswirar takarda wannan hanya takan fito a lanƙwashe, shi ya sa fasinjan da ke kallon allon kujerarsa yakan ɗauka jirgi zagaye yake yi, alhali yanke yake.

A bisa wannan awo, daga Legas zuwa Landan kimanin kilomita 5,000 ne, zuwa Dubai kimanin 5,900, zuwa Atlanta ta Amurka kimanin 9,400. Daga Legas zuwa Akra kuwa kilomita 400 ne kawai. Jirgin fasinja na zamani, idan ya kai tsayin kilomita 10 zuwa 12 a sama ya daidaita, yana gudun kilomita 850 zuwa 900 a cikin sa'a.

Wanda ya raba nisan da gudun zai sami amsar da ba ta yi daidai da abin da ke rubuce a tikiti ba. Lissafi zai ce Legas zuwa Landan ba ta kai sa'o'i shida ba, amma jadawali yakan nuna kimanin shida da rabi. Lissafi zai ce Legas zuwa Akra rabin sa'a ne, jadawali kuma ya ce sa'a guda. Abin da ya kawo bambancin shi ne kamfanoni suna ƙirga lokaci tun daga sa'ar da jirgi ya motsa daga mazauninsa har zuwa sa'ar da ya tsaya cak a ɗaya filin. A ciki akwai tafiyar ƙasa zuwa titin tashi, da jiran layi, da hawa da sauka waɗanda ake yi da gudu ƙasa da na tsakiyar tafiya, da kuma shawagin jiran izinin sauka a filaye masu cunkoso irin Heathrow. Gwargwadon gajartar tafiya, gwargwadon yawan kason da waɗannan abubuwa ke ci a cikinta.

Rawar da iska ke takawa

A tsayin da jirage ke tafiya akwai wata iska mai ƙarfi da ke kaɗawa daga yamma zuwa gabas, musamman a sassan duniya da ke arewa da kudu da yankinmu mai zafi. Jirgin da ya nufi gabas tana tura shi, wanda ya nufi yamma kuma yana kokawa da ita. Shi ya sa tafiya daga New York zuwa Landan, mai nisan kimanin kilomita 5,500, takan ɗauki wajen sa'o'i bakwai, komawa kuma wajen takwas. A watan Fabrairun 2020, lokacin wata guguwa mai ƙarfi, wani jirgin British Airways ya yi wannan tafiya cikin sa'o'i huɗu da minti 56.

Matafiyin Najeriya yakan ga wannan bambanci a hanyar Amurka, inda zuwa Atlanta yakan fi dawowa Legas tsawo da sa'a guda ko fiye. A hanyar Turai kuwa bambancin kaɗan ne, domin tafiyar daga kudu ce zuwa arewa, iskar tana bugun jirgi ta gefe ne kawai.

A gida ma yanayi yana da nasa hukunci. Hazon hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, yakan rage nisan da matuƙi ke iya hangowa a filayen Kano, Kaduna, Sakkwato da Maiduguri, har a jinkirta tashi ko a karkatar da jirgi wani filin. Ingancin na'urorin saukar da jirgi da fili ke da su shi ke nuna iyakar hazon da za a iya jurewa, kuma wannan magana ce ta zuba jari da kulawa.

Kowace ƙasa da samanta

Iska da hazo dai ikon Allah ne, matuƙa kuma sun san yadda suke bi da su. Abin da ya fi canza lissafi a wannan zamani shi ne izini. Yarjejeniyar Chikago ta 7 ga Disamba 1944, wadda ta haifi Hukumar Sufurin Jiragen Sama ta Duniya, ICAO, ta fara ne da tabbatar da cewa kowace ƙasa tana da cikakken iko a kan sararin samaniyar da ke bisa ƙasarta. Jirgi ba ya ratsa ƙasa sai da yardarta, yana biyan kuɗin ratsawa, yana kuma ƙarƙashin umarnin jami'anta masu kula da zirga-zirgar jirage har ya fita daga yankinta.

Idan aka dubi taswira da wannan ido, za a ga matsayin Najeriya yana da sarƙaƙiya. Hanyarta ta zuwa Turai tana bi ta kan Nijar da Aljeriya, wani lokaci da gefen Mali. Hanyarta ta zuwa Saudiyya da ƙasashen Larabawa na yankin Gulf tana bi ta kan Chadi da Sudan. A arewacin Chadi kuma akwai Libiya, wadda kamfanoni da yawa suka daina ratsawa tun bayan rikicin 2014.

Rufe samaniyar Sudan ya zo da ƙarin matsala, domin a lokacin daga Khartum ake kula da jiragen da ke wucewa ta can ƙololuwar samaniyar Sudan ta Kudu. Da yaƙi ya tsayar da aikin, sai abin ya shafi ƙasashen biyu. Jirgin da ya tashi daga Najeriya zuwa Jidda ko Madina sai dai ya gangara kudu ya zagayo ta gabashin Afirka, ko ya haura arewa ya biyo ta Masar kafin ya tsallaka Bahar Maliya.

Ba a gama da wannan ba sai ga juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023. Ƙungiyar ECOWAS ta sanya takunkumin da ya haɗa da hana jiragen kasuwanci shiga Nijar da fita daga cikinta, sojojin da suka karɓi mulki kuma suka rufe samaniyar ƙasar ranar 6 ga Agusta, ba su buɗe ba sai 4 ga Satumba. Nijar ƙasa ce mai faɗin fiye da murabba'in kilomita miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, kuma ta shimfiɗu a kan ilahirin iyakar arewa maso yamma da mafi yawan iyakar arewacin Najeriya. A wannan wata guda, Nijar a rufe, Sudan a rufe, Libiya ana gudunta, jiragen da ke tsakanin Turai da ƙasashen kudu da Sahara suka koma zagaye ta yammacin nahiyar ko ta gefen Bahar Maliya. Wasu jiragen da suka taso daga kudancin Afirka a daren da aka rufe sai da suka juya ko suka sauka a wani wuri don ƙarin mai. Takun saƙar ya ci gaba da shafar zirga-zirga tsakanin ƙasashen biyu har bayan da ECOWAS ta ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairun 2024.

A watan Afrilun 2025 kuma Aljeriya da Mali suka rufe wa juna samaniya, bayan da Aljeriya ta harbo wani jirgi marar matuƙi na sojojin Mali a kusa da iyakarsu. Duk wanda ya haɗa waɗannan abubuwa wuri ɗaya zai ga cewa yankin Sahel, wanda shi ne ƙofar Najeriya ta sama zuwa arewa da gabas, ya zama wurin da hanya ke iya toshewa a dare ɗaya.

Ba mu kaɗai ba ne

Matsalar ta game duniya. A ƙarshen Fabrairun 2022, bayan fara yaƙin Ukraine, ƙasashen Turai sun hana jiragen Rasha shiga samaniyarsu, ita ma Rasha ta rama a kan ƙasashe 36. Kamfanin Finnair na ƙasar Finland, wanda ya gina kasuwancinsa a kan gajeriyar hanyar zuwa Asiya ta kan Saiberiya, ya ga tafiyar Helsinki zuwa Tokiyo ta tashi daga sa'o'i tara da rabi zuwa wajen 13. Kamfanonin ƙasar Sin kuwa, da yake ba a hana su ba, suna ci gaba da bin gajeriyar hanyar. A 2024 British Airways ya dakatar da zuwa Beijin, Virgin Atlantic kuma ya daina zuwa Shanghai. Garuruwa biyu, nisa ɗaya, amma tsawon tafiya ya danganta da tutar da ke jikin jirgi.

Ƙasar Katar ta ɗanɗana irin wannan daga Yunin 2017 zuwa Janairun 2021, lokacin da Saudiyya, Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa, Bahrain da Masar suka rufe mata samaniyarsu, jiragenta masu zuwa Afirka suka riƙa zagaye mai nisa. Afirka ma ta taɓa amfani da wannan makami da gangan. Daga 1963 ƙasashen nahiyar sun hana jiragen gwamnatin wariyar launin fata ta Afirka ta Kudu ratsa samaniyarsu, dole suka riƙa bin gefen teku suna yada zango a tsibirin Sal na Cape Verde kafin su ƙarasa Turai.

Wanda ke biyan kuɗin zagaye

Hausawa na cewa hanyar lafiya a bi ta da shekara, kuma babu mai hankalin da zai so a kutsa da fasinja cikin samaniyar da ake harbe-harbe. Harbo jirgin Malaysia a gabashin Ukraine a watan Yulin 2014, wanda ya hallaka mutum 298, ya isa darasi. Sai dai zagayen yana da farashi, kuma ya kamata a san inda yake faɗawa.

Man jirgi yana cin kimanin rubu'i zuwa sulusin kuɗin da kamfanonin jirage ke kashewa a duniya, a Najeriya kuma, inda farashinsa ke bin canjin dala, nauyin ya fi haka. Kowace sa'a da aka ƙara a sama ƙarin mai ne. Jirgi kuma yana da iyakar nauyin da zai iya tashi da shi, saboda haka idan mai ya ƙaru, wani lokaci sai an rage fasinja ko kaya. Matuƙa da ma'aikatan jirgi suna da iyakar sa'o'in aiki da doka ta gindaya, doguwar hanya tana iya buƙatar ƙarin ma'aikata ko ƙarin hutu. Sannan jirgin da a da yake sawu biyu a yini yana iya komawa sawu ɗaya da rabi, abin da a jigilar alhazai ke nufin ƙarin kwanaki a sansani. Duk wannan yana ƙarewa a kan kuɗin tikiti.

Ita ma ƙasar da aka daina ratsawa tana asara, domin kuɗin ratsa samaniya hanyar samun kuɗin waje ce. A rufe samaniya babu mai cin riba, sai dai wani ya fi wani jin jiki.

Tafiyar kusa da ta zama ta nesa

Akwai abu na uku da ya fi rufe samaniya daɗewa yana cin lokacin matafiyin Afirka, wato rashin jirgi kai tsaye. Daga Maiduguri zuwa Njamena bai wuce kilomita 210 da 'yan kai ba, tafiyar da jirgi zai gama kafin a raba ruwan sha. Amma a tsarin jiragen fasinja da aka saba, mai son yin wannan tafiya ta sama sai ya fara juya wa Njamena baya ya tafi Abuja, kimanin kilomita 700, sannan ya nemi jirgin da zai mayar da shi gabas, wasu kilomita 900. Ya ninka nisan sau bakwai, ban da sa'o'in jira. Haka nan Kano da Yamai, kimanin kilomita 700 ne tsakaninsu, ga dangantaka ta jini da ciniki, amma mota ce abin hawan mafi yawan masu zirga-zirga.

Wannan giɓi yana da tarihi. Kamfanin Air Afrique, wanda ya haɗa biranen ƙasashe renon Faransa, ya durƙushe a 2002, Nigeria Airways ya daina aiki a 2003, Ghana Airways ma bai daɗe ba ya bi sahu. Kamfanin ASKY da ke Lome, wanda ya fara aiki a 2010 tare da haɗin gwiwar Ethiopian Airlines, ya cike wani ɓangare na giɓin, amma har yanzu tafiya tsakanin biranen Afirka da yawa sai an biya ta Addis Ababa, Kasabalanka, Nairobi, wani lokaci ma ta Turai.

Shugabannin nahiyar sun san maganin. Matsayar Yamusukuro ta 1999 ta tanadi buɗe kasuwar sufurin sama tsakanin ƙasashen Afirka, har da bai wa jirgin wata ƙasa damar ɗaukar fasinja tsakanin wasu ƙasashe biyu a kan hanyarsa. A watan Janairun 2018 Tarayyar Afirka ta ƙaddamar da shirin kasuwar sufurin sama ta bai ɗaya a Addis Ababa da ƙasashe 23, Najeriya na cikinsu. Sa hannu ya yi sauƙi, aiwatarwa ce ke jan ƙafa, domin kowace ƙasa tana tsoron kada kamfanonin maƙwabta su danne nata, ga harajin filayen jirgi da ke tsauwala kuɗin tikiti, ga wahalar biza. Tsoron yana da tushe, musamman ga kamfanonin Najeriya da ke fama da tsadar mai da tsadar bashi. Amma rufe ƙofa na shekara da shekaru bai ƙarfafa su ba, matafiyi kuma shi ke biyan diyya da lokacinsa.

Dangantakar kasuwanci ma tana iya yanke hanya ba tare da an harba harsashi ba. Kamfanin Emirates ya dakatar da zuwa Najeriya a ƙarshen 2022 saboda kuɗaɗensa da suka maƙale sakamakon ƙarancin dala, bai dawo Legas ba sai 1 ga Oktoban 2024. A tsawon wannan lokaci, tafiyar Dubai ta kimanin sa'o'i takwas ta koma ta yini guda ga masu yada zango a Addis Ababa, Alƙahira ko Doha. Haka kuma a 2017, da aka rufe filin jirgin Abuja na makonni shida don gyaran titinsa guda ɗaya tilo, aka mayar da zirga-zirga Kaduna, mafi yawan kamfanonin waje ba su yarda sun koma can ba.

Abin da ya kamata matafiyi ya duba

Lokutan da ke kan tikiti agogon kowane gari ne. Saudiyya tana gaban Najeriya da sa'o'i biyu, Dubai da uku, Landan kuwa tana bayanmu da sa'a guda a lokacin sanyinsu, agogo ya daidaita a lokacin zafinsu. Wanda bai cire wannan bambanci ba zai ɗauka zuwa Jidda ya fi dawowa tsawo da sa'o'i huɗu. Abin dubawa shi ne jimillar tsawon tafiya tare da zango, da kuma ko tikitin guda ɗaya ne har ƙarshe. Idan guda ne, kuma jinkirin jirgin farko ya sa na biyu ya kuɓuce, alhakin sake tsara tafiyar yana wuyan kamfani. Idan tikiti biyu ne daban daban, fasinja ne zai ɗauki asarar. A zamanin da samaniya ke iya rufewa ba sanarwa, kamar yadda ta faru a Doha na wasu sa'o'i ranar 23 ga Yunin 2025 lokacin rikicin Iran da Isra'ila, zango mai ƙurarren lokaci kasada ce.

A ƙarshen Oktoban 1925 wasu jiragen sojan Ingila guda uku suka taso daga Helwan kusa da Alƙahira, suka biyo ta Sudan da Chadi suna sauka suna tashi, ba su iso Kano ba sai 1 ga Nuwamba. Yau wannan tafiya ta kimanin kilomita 3,100 ba ta fi sa'o'i huɗu da ɗoriya ba. Masu ƙera jirage sun sauke nauyin da ke kansu. Sa'o'in da suka rage ana ɓatawa a kan hanya sun rataya ne a wuyan gwamnatoci: zaman lafiya a Sudan, kyakkyawar hulɗa da Nijar da sauran maƙwabtan Sahel, aiwatar da yarjejeniyoyin da aka riga aka sa wa hannu, da gyara filayen jirgi na gida.

Kafin a kai ga haka, abin da ya faru a 2023 ya nuna cewa ya dace hukumomin alhazai da na sufurin sama su riƙa sanya lissafin hanyar zagaye a cikin yarjejeniyar jigila tun daga farko, a san wanda zai ɗauki ƙarin kuɗin idan hanya ta toshe. Maniyyacin da ya shekara biyar yana tara kuɗin kujera bai kamata ya ji labarin ƙari ana saura mako biyu ya shiga jirgi ba.